Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga ministocin kamun kifi na gaɓar tekun Gine, kan tarun da Brian Tobin ya rataye a gaban duniya

Masu girma ministocin da ke kula da kamun kifi a Najeriya, Benin, Togo, Gana, Kwaddibuwa da Laberiya,

Ranku ya daɗe. Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri a gare ku da jama'ar da kuke wakilta.

Ni ɗan masunta ne daga ƙasar Yawuri. Karatu ne ya kawo ni birnin St. John's, a lardin Newfoundland da ke gabashin Kanada. Na tashi da ƙanshin banda a jikin rigar mahaifina, na koyi ɗinkin taru tun kafin in iya rubuta sunana, amma ban taɓa zaton zan ƙetaro teku in tarar da mutanen da suka fi mu sanin ciwon ƙarewar kifi ba. Ku shida kuna zama a inuwa ɗaya, wato kwamitin kamun kifi na ƙasashenku, FCWC, da aka kafa a 2007 mai ofis a Tema ta ƙasar Gana, kuma ruwa ɗaya kuke tsaro. Shi ya sa nake so in ba ku labarin wani takwaranku, Brian Tobin, da ya riƙe irin kujerarku a nan Kanada, abin da ya yi daidai da kuma inda ya makara.

Wata Asabar abokin karatuna ya kai ni wani ƙaramin ƙauyen masunta a kudu da birni. A bayan wani gida na ga kwale-kwalen katako a kife a kan duwatsu, ciyawa ta ɓullo ta tsakanin allunansa, fenti ya ɓare sai ɗan saura a goshi. Dattijon mai gidan ya fito, ya dafa jirgin da tafin hannu kamar mai shafa wuyan doki. Ya ce rabonsa da tura shi ruwa don neman abin sa wa a bakin salati tun 1992. 'Ya'yansa duk sun tafi aikin mai a yammacin ƙasar, jikokinsa ba su san ƙullin igiya ko ɗaya ba. Ya nuna mini fegen da a da ake shanya kifi har sai an rasa wurin taka ƙafa. Yanzu tsuntsayen teku ne kawai ke sauka a wurin. Na tsaya ina kallonsa, mahaifina nake gani.

Kifin da ya raya wannan tsibiri shi ne kod, wanda busasshensa ake kawo mana daga Norwe, Yarbawa su ce panla, Ibo su ce okporoko. Da John Cabot ya iso nan a 1497, mutanensa sun koma Ingila da labarin cewa kwando ma in ka jefa a ruwa sai ya fito cike. Kusan shekara 500 ana ci ba a ga ƙarshensa ba. Sai manyan jiragen Turai da na Tarayyar Sobiyat suka zo a shekarun 1950 da 1960, masu jan taru a ƙasan teku, suna fiɗa suna daskarar da kifin a cikin jirgi ba tare da sun koma gida ba. A 1968 kaɗai an kwashi kimanin tan 810,000 na kod ɗin arewa. A 1977 Kanada ta faɗaɗa ikonta zuwa mil 200 na teku, ta kori baƙi daga mafi yawan wuraren. Kowa ya yi murna. Amma maimakon a bar ruwa ya huta, sai ƙasar ta ƙera nata manyan jiragen, ta buɗe masana'antu, ta ci gaba daga inda baƙin suka tsaya.

A nan ne nake roƙon ku ɗan dakata, domin a nan cutar take. Tun shekarun 1980 ƙananan masunta na bakin gaɓa suke kuka cewa kifin da ke shiga tarkonsu yana ƙanƙancewa, yana kuma raguwa. Ba a saurare su ba, saboda alƙaluman manyan jirage sun nuna ana kamu sosai. Abin da aka kasa lura da shi shi ne, kod idan ya ragu taruwa yake yi wuri ɗaya, jiragen kuma suna da na'urar da ke gano masa maɓoya. Don haka taru yana fitowa cike har zuwa garken ƙarshe. Mai kwale-kwale ya ga gaskiya, mai ofis ya ga takarda, aka bi takarda. Ranar 2 ga Yuli 1992 ministan wancan lokaci, John Crosbie, shi ma ɗan lardin, ya sanar da rufe kamun kod a wani otal na St. John's, masunta suna dukan ƙofar ɗakin taron daga waje. Kwana ɗaya kafin nan, da suka tare shi a Bay Bulls, cewa ya yi ba shi ya kwashe kifin daga ruwa ba. Mutum kusan 30,000 suka rasa sana'a dare ɗaya. An ce rufewar ta shekara 2 ce. Sai a Yunin 2024 aka ɗage ta, bayan shekara 32, da ƙason tan 18,000 kacal. Tsakanin ƙidayar 1991 da ta 2001 mutanen lardin sun ragu daga kusan 568,000 zuwa kusan 513,000.

Cikin wannan makoki Brian Tobin ya karɓi kujerar. An haife shi a garin Stephenville da ke yammacin tsibirin a 1954. Ya ɗan taɓa aikin karanta labarai a talabijin, abin da ya koya masa yadda ake kama idon jama'a, kuma wannan ilimi ya yi masa rana daga baya. Yana ɗan shekara 25 aka zaɓe shi majalisar tarayya a 1980 a ƙarƙashin jam'iyyar Liberal. Da jam'iyyarsa ta sha mummunan kaye a 1984 ta koma kujera 40, shi da wasu matasan 'yan majalisa uku, Sheila Copps da Don Boudria da John Nunziata, suka zama ƙarfen ƙafa ga gwamnatin Brian Mulroney, kullum cikin tayar da ƙura. Da Jean Chrétien ya hau mulki a Nuwamban 1993, sai ya danƙa masa ma'aikatar kamun kifi da tekuna. Mutumin da ya saba sukar masu mulki ya wayi gari shi ake tambaya ina kifi.

Kod ya tafi, amma akwai sauran wani kifi mai faɗi da ke kwance a zurfin teku, idanunsa biyu a gefe ɗaya, suna kiransa tabot. Matsalar ita ce tudun ƙarƙashin teku da ake kira Grand Banks bai tsaya a mil 200 ba. Ɓangarori biyu nasa, da masunta ke kira Hanci da Wutsiya, sun leƙa waje zuwa ruwan da ba na kowa ba. Kifi kuwa bai san iyaka ba. Abin da Kanada ta hana mutanenta kamawa a ciki, jiragen Sifaniya da Fotugal suna jiransa a bakin layi. Ƙungiyar NAFO mai kula da wannan yanki ta sa jimillar tan 27,000 na tabot a 1995, ta ba Tarayyar Turai tan 3,400 daga ciki. Amma dokar ƙungiyar ta ba kowace ƙasa damar ta ce ba ta yarda ba, ta yanka wa kanta abin da take so. Turai ta yi hakan, ta yanka wa kanta sama da tan 18,000.

Tobin bai tashi da faɗa haka kawai ba. Tun Mayun 1994 majalisa ta gyara dokar kare kamun kifi don ba jami'an Kanada ikon tare jirage a wajen mil 200, kuma a cikin watan ne ƙasar ta sanar da Kotun Duniya cewa ba ta amince kotun ta saurari ƙara kan irin wannan mataki ba. A farkon Maris 1995 aka saka sunan Sifaniya da Fotugal a cikin ƙa'idojin dokar, aka yi gargaɗi. Ranar 9 ga Maris jiragen sintiri suka bi wani jirgin Sifaniya mai suna Estai, daga tashar Vigo, kimanin mil 245 daga gaɓa. Ma'aikatansa suka yanke tarunsu ya nutse, suka ranta a na kare. Aka yi ta tsere na sa'o'i, sai da aka yi harbin gargaɗi a gaban jirgin sannan ya tsaya. Aka taso ƙeyarsa zuwa St. John's, dubban mutane suka yi dafifi a bakin tasha suna kallo.

Turai ta fusata. Kwamishiniyarta ta kamun kifi, Emma Bonino, ta kira abin fashin teku. Sifaniya ta turo jirgin sojan ruwa don ya tsare masuntanta. A bisa dokar teku ta wancan lokaci, masu sukar Kanada suna da hujja mai ƙarfi, domin ƙasar da jirgi ke ɗauke da tutarta ita ke da ikon hukunta shi a ruwan da ba na kowa ba. Da a nan labarin ya tsaya, da Tobin ya zama ministan da ya jawo wa ƙasarsa rigima da abokanta kawai.

Abin da ya juya lamarin shi ne tarun da aka yanke. Ya sa aka tura jirgi ya yi ta jan ƙugiya a ƙasan teku har aka lalubo shi. Da aka auna, Kanada ta ce idonsa bai kai milimita 130 da doka ta tanada ba, kuma an yi masa shafi da wani tarun mai ƙananan ido a ciki, yadda ko ɗan kifi ba zai sulale ba. Duk wanda ya taɓa riƙe taru ya san ma'anar wannan. A garinmu na ga waɗanda suke ɗinka gidan sauro a cikin tarunsu, su kwaso 'ya'yan karfasa da na giwan ruwa da ba su kai ɗan yatsa ba, kuma na ga ranar da Sarkin Ruwa ya sa aka tara irin waɗannan taruna a bakin kogi aka cinna musu wuta kowa yana gani. Tobin ya yi makamancin haka, sai dai dandalinsa ya fi girma. A ƙarshen Maris, daidai lokacin da ake taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kifayen da ke ƙetara iyakoki, ya ɗauki tarun ya kai Niyu Yok, ya ɗora shi a kan kwale-kwalen dakon kaya a kogin da ke gaban ginin Majalisar, injin ɗaga kaya ya ɗaga shi sama. Ya tsaya a ƙarƙashinsa ya nuna wa 'yan jarida ƙananan kifayen da irin wannan taru ke kamawa. A nan ya yi maganar da har yau ake tunawa da ita, cewa saura ɗan tabot na ƙarshe, shi kaɗai, ba mai sonsa, ba kyan gani, yana maƙale da Grand Banks da farcensa.

Gani ya kori ji. Masuntan Cornwall a Ingila da na Ailan, waɗanda su ma suke da nasu ƙorafin kan jiragen Sifaniya, suka ɗaga tutar Kanada a jiragensu. Birtaniya ta ƙi goyon bayan a sa wa Kanada takunkumi. A tsakiyar Afrilu aka daidaita. Kanada ta janye tuhumar, ta mayar da kuɗin beli, ta kuma rage nata ƙason na tabot don Turai ta sami ƙari. Abin da ta karɓa a madadin haka ya fi tan dubu nawa daraja: a sa ɗan sa ido mai zaman kansa a cikin kowane jirgi da ke kamu a yankin, a ƙara bincike a teku da tasha, a fara bin jirage da tauraron ɗan'adam. A watan Agustan wannan shekara ƙasashen duniya suka amince da yarjejeniyar kifaye masu ƙetara iyaka, wadda ta buɗe ƙofar hawa jirgin wata ƙasa a bincike shi a ruwan da ba na kowa ba, ta fara aiki a Disamban 2001. Ƙarar da Sifaniya ta kai Kotun Duniya kuwa, a Disamban 1998 kotun ta ce ba ta da hurumin saurare, saboda waccan takarda ta 1994.

Sauran tarihinsa gajere ne a wurina. Ya taimaka wajen shirya babban gangamin haɗin kai a Montreal a Oktoban 1995, kwanaki kaɗan kafin ƙuri'ar ɓallewar lardin Kwibek daga Kanada. A Janairun 1996 ya koma gida ya gaji Clyde Wells a matsayin firimiyan Newfoundland, ya ci zaɓe sau biyu. A zamaninsa aka yi ƙuri'ar 1997 da ta karɓe makarantun gwamnati daga hannun coci-coci. Ya kuma kafe kan cewa ko cokali ɗaya na ma'adinin mahaƙar Voisey's Bay da ke lardin ba zai fita ba sai an yarda a tace shi a cikin lardin, matsayin da duk ɗan Afirka zai gane daɗinsa. A Oktoban 2000 ya bar kujerar tun wa'adi bai cika ba ya koma Ottawa ministan masana'antu, abin da ya ɓata wa mutanensa da yawa rai, sannan a Janairun 2002 ya bar siyasa ya shiga harkar kamfanoni.

Dattijon nan mai kifaffen jirgi, da na ambaci sunan Tobin, sai da ya ɗan yi shiru. Ya ce ranar da aka shigo da Estai ya je tasha, ya yi ihu har muryarsa ta dushe. Sannan ya ce amma kod ɗinsa bai dawo ba. Gaskiyarsa. Jarumtar ta zo bayan kusan shekara 3 da rufe ruwa, ihu ne bayan hari. Kuma nuna yatsa ga Sifaniya ya yi wa mutane da yawa daɗi saboda ya ɗauke ido daga laifin gida. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Jiragen da suka ƙarasa kod a cikin mil 200 daga 1977 zuwa 1992, mafi yawansu tutar Kanada suke ɗauke da ita, kuma ministocin Kanada ne suka sa hannu a kan ƙason da ya wuce kima don gudun fushin masu masana'anta da masu ƙuri'a.

Ranku ya daɗe, ku ba ku kai inda Crosbie ya kai ba tukuna, amma hanyar ɗaya ce. Masuntan Elmina da Keta da Badagry sun daɗe suna faɗin abin da na Newfoundland suka faɗa: kifi yana ƙanƙancewa, ana nisa kafin a same shi, man da ake ƙonawa ya fi abin da ake dawowa da shi. Ƙananan kifayen da talaka ke ci, irin su sadin, sun yi mummunan raguwa a ruwan Gana. Binciken da ƙungiyoyin EJF da Hen Mpoano suka fitar ya ƙiyasta cewa a 2017 kaɗai an sauke kusan tan 100,000 ta hanyar saiko, wato manyan jirage su kwashi kifin da ba nasu ba, su daskarar da shi, su sayar wa kwale-kwale a tsakiyar teku, kuma da yawansa bai isa haihuwa ba. Gana ta matsa wa wannan ciniki lamba daga 2021, shekarar da Tarayyar Turai ta sake ba ta katin gargaɗi kan kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba, kuma ta yi ƙoƙari da rufe ruwa na ɗan lokaci kowace shekara. Na yaba. Amma kifi ba ya nuna fasfo a kan iyakar Aflao ko ta Seme. Wanda aka bari ya huta a ruwan Gana, idan maƙwabta ba su rufe tare ba, a tarun wani zai kwana.

Kada a ce wannan maganar mutanen bakin teku ce. Kwalin kifin sanyi da ake saukewa a Kano da Sakkwato da Maraɗi, da busasshen kifin da matan zango ke sayarwa a Kumasi da Tamale, daga teku suke fitowa. Duk ranar da ya yi tsada, tukunyar mai ƙaramin ƙarfi a arewa ce ke fara shaidawa, kuma nauyin sai ya dawo kan Kainji da Tafkin Chadi da suka riga suka gaji.

Ba na roƙon ku harbi jirgin kowa. Ba ku ma buƙatar kasadar da Tobin ya yi, domin shi a wajen iyakarsa ya yi kamu, ku kuwa ɓarnar a cikin mil 200 naku ake yin ta, inda doka duka tana bayanku. Abin da nake roƙo shi ne ku ɗauki ɗabi'arsa ta fito da hujja fili. Idan jami'anku sun kama jirgi da haramtaccen taru, kada a gama magana a ɗaki a biya tara a asirce a sake shi da daddare. A shimfiɗa tarun a tashar Tema ko Apapa, a kira masunta da 'yan jarida, a sa ma'auni a idonsa kowa ya gani, a faɗi sunan jirgin da na ainihin mai shi. Na ce ainihin mai shi da gangan, domin bincike ya sha nuna cewa yawancin manyan jiragen jan taru masu tutar Gana suna da alaƙa da kamfanonin ƙasar Sin, sunan ɗan gida kawai aka ara a takarda. Senegal ta wallafa jerin jiragen da ta ba lasisi a Mayun 2024, sama ba ta faɗo ba. Me zai hana ku shida ku fitar da naku a shafi ɗaya, da sunayen masu cin ribar, a riƙa sabunta shi?

Sai maganar da ta fi ci mini rai. Babbar ribar da Kanada ta samu a 1995 ita ce ɗan sa ido a kowane jirgi. Mu ma muna da su, amma a wane hali? A Yulin 2019 wani ɗan sa ido na Gana ya ɓace daga cikin jirgin da aka tura shi, har yau ba a ga gawarsa ba. A 2023 wani ya sake ɓacewa. Saurayi shi kaɗai a tsakiyar teku, yana cin abincin kyaftin, yana kwana a inda kyaftin ya nuna masa, ta yaya zai rubuta abin da ya gani? Ku raba albashinsa da aljihun mai jirgi, ku ba shi na'urar kiran gida wadda ba ta bi ta hannun kowa a jirgin, ku sa kyamara a kan dandamalin da ake zube taru. Ku kuma rubuta a doka cewa duk jirgin da ya dawo tasha babu ɗan sa idonsa, ba zai sake fita ba a ko'ina cikin ƙasashen nan shida sai an gama bincike. Cibiyar sa ido da kuka buɗe a Tema tana iya ganin inda jirgi yake, amma ba ta ganin idon taru. Wannan sai mutum, kuma sai mutumin da ya tabbata zai koma ga iyalinsa.

Idan kun zauna taronku na gaba, ku ware kujeru ga shugabannin masunta da matan da ke banda, a ba su magana kafin a karanta rahoton masana. Abin da suke gani a cikin kwando yau, sai bayan shekaru yake bayyana a takarda. Kafin in bar ƙauyen nan, dattijon ya tambaye ni ko a ƙasarmu akwai sauran kifi. Na ce masa akwai. Ya ce to in gaya wa manyanmu su auna tarunan tun yanzu, ga shi kuwa na isar.

Naku cikin girmamawa,
Wani ɗan masunta daga Yawuri, mazaunin St. John's